Gargaɗi ga Jama'ar Salaga, Yendi da Bawku: A Ajiye Waya, a Dubi Hanya

Jama'ar Salaga da Kpembe, jama'ar Yendi, jama'ar Bawku da Garu da Zebilla da Pusiga, iyayenmu da 'yan'uwanmu na zango-zango: Wannan kira ne na gaggawa ga duk wanda ke riƙe kan babur ko sitiyarin mota, da mai tuƙa motokin ko yalo-yalo, da duk wanda ke hawa bayansu. Wayar da ke hannunku tana kashe mutane a kan titi. Ku ajiye ta in kuna tuƙi. Wanda barci ya kama ya tsaya ya kwanta. Wanda kuma ya ga direba na latsa waya ko yana gyangyaɗi, ya yi magana nan take, kada ya bari sai an isa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, NRSA, ta ƙidaya mutum 2,924 da suka mutu a titunan Gana a 2021. A 2022 adadin ya sauko zuwa 2,373, a 2023 ya zama 2,276, sai ga shi a 2024 ya sake hawa zuwa 2,494. Kusan gawa bakwai ke nan kowace rana ta Allah, ban da dubban da suka tashi da karaya ko shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa, ban da kuma waɗanda suka faɗi a hanyoyin ƙauye aka yi musu sutura labari bai kai ofishin 'yan sanda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na cin ran mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ita ce kuma ta ce haɗarin da ke kan direba mai amfani da waya ya ninka na wanda ba ya yi kusan sau huɗu.

Kada wani ya ce ai shi bai taɓa jin an ce waya ce ta kashe wane ba. Ba za a ji ba. Wanda ya mutu ba ya ba da labari, wanda ya tsira kuma ba zai gaya wa ɗan sanda cewa saƙo yake dubawa ba. Zai ce birki ne ya ƙi, ko akuya ce ta gifta, ko rami ya kauce wa. Akuyar ta gifta da gaske, ramin ma yana nan. Abin tambaya shi ne ina idonsa yake a lokacin da ya kamata ya hango su.

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Yendi ranar kasuwa ya san abin da nake faɗa. Ga saurayi a kan babur ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, wuya a karkace, rabin titin kawai yake gani. Ga uwa ta cusa tata cikin hijabi ta manne da kunci, goyo a baya, wani yaron zaune a kan tanki, tana ciniki da mai shinkafa tana ratsa mutane. Ga mai motokin ya labto doya har ta fi shi tsawo, mata uku a saman kayan ƙafafunsu na reto. Wayarsa ta yi ƙara, ya zaro ta da hannun hagu don ya ga ko kuɗin MoMo ne ya shigo. Hannun hagun nan shi ne na kuloci. Ya bar hannu ɗaya tak a kan abin hawa mai ƙafa uku da nauyinsa ya taru a sama, wanda 'yar kaucewa kaɗan ke iya kifar da shi. In ya kife, shi yana iya tsalle ya tsira. Matan nan uku doya ce za ta danne su.

A yi lissafi. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin ka zaro waya, ka duba sunan mai kira, ka latsa amsa, daƙiƙa uku sun wuce: mita 42 ke nan ka yi ba ka ga gabanka ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a hanyar Tamale tana cin mita 25 a daƙiƙa, don haka gajeren saƙon da ya ɗauke ka daƙiƙa huɗu ya cinye mita 100 cur. Kuma ba a nan lissafin ya tsaya ba. Bayan ido ya dawo titi, sai hankali ya gane abin da ya gani, sai ƙafa ta kai ga birki, sannan taya ta fara jan ƙasa. A kan kwalta busasshiya ma ana bukatar tazara, balle a kan jar ƙasa mai tsakuwa, balle da tayar da ta suɗe.

Amsar da aka fi ji ita ce, "Na saba, shekara nawa ina wannan hanya." Sabon nan shi ne tarkon. Wanda ya saba ya san inda kwana take, ya san inda gada take, amma bai san inda yaro zai ɓullo da gudu yana bin ƙwallo ba, bai san inda tirela ta lalace jiya da dare aka jera mata ganye a madadin alama ba. Wasu kuma su ce ai sun sa abin saurare a kunne, hannunsu biyu na kan tuƙi. Ya fi riƙe waya, amma bai kuɓutar da kai ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa bambancin kaɗan ne. Hannu na nan, hankali ne ya tafi. Mutumin da ke musu da mai binsa bashi, ko ake gaya masa an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, idonsa na iya zama a buɗe a kan titi alhali ba ya ganin komai. Mai babur da ya toshe kunnuwansa biyu da kiɗa kuwa ya ƙara wa kansa wata makanta, don ba zai ji hon ɗin motar da ta taho bayansa ba.

Hanyoyinmu ba sa yafe ko da ɗan sakaci. Inda aka gyara, kamar hanyar Tamale zuwa Yendi, santsin kwalta ya sa ƙafa ta yi nauyi a kan totur, ga garuruwa irin su Sang a bakin titi, da makarantu da masu talla. Inda aikin bai ƙare ba, kamar hanyar Bolga zuwa Bawku har Pulmakom da aka fara tun 2016, kana tafiya a kwalta sai ka ji ka faɗa jar ƙasa ba sallama. Da hunturu hazo da ƙura su rufe gaba, da damina ruwa ya cika rami ya ɓoye zurfinsa. Ga shanu, ga amalanken jaki da ba ta da fitila, ga manyan motocin albasa da ke shigowa ta Kulungugu. A ɓangaren Salaga, direba na tsere da lokaci don kada jirgin fito na Makango ya tashi zuwa Yeji ya bar shi, yana gudu yana kiran wani a bakin ruwa yana tambaya ko an fara lodi. In jirgi ya tashi, wani na nan tafe. Kwana a Makango bai taɓa kashe kowa ba.

Mutanen Bawku suna da wani nauyin na daban, kuma ban raina shi ba. Rikicin da ya daɗe, da dokar hana fita da aka sha sanyawa, sun sa direba na son ya shiga gari kafin lokaci ya cika, iyalinsa kuma hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ji muryarsa. Shi ma yana son ya kira na gaba ya ji ko hanya lafiya. Wannan tsoro gaskiya ne. Amma maganinsa a miƙa wayar ga yaron mota ko fasinjan da ke gaba, shi ya amsa, shi ya kira, shi ya faɗi inda aka kai. Kuma a tashi da wuri. Garin gudun wata masifa kada mu kai kanmu ga wata da hannunmu.

Barci ɗan'uwan waya ne, domin aikinsu ɗaya: ɗauke idon direba daga hanya. Mu 'yan arewa mun biya farashinsa da tsada. A daren Juma'a 22 ga Maris 2019, wajen ƙarfe biyu, manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama a Amoma Nkwanta, tsakanin Techiman da Kintampo. Ɗaya ta taso daga Garu za ta Kumasi, ɗayar daga Akra za ta Bolga. Wuta ta kama, fiye da mutum 50 suka rasu, da yawansu sun ƙone har ba a gane su ba, aka binne su tare a Jema. Rahotannin lokacin sun danganta abin da gyangyaɗin ɗaya daga cikin direbobin. Akwai gidaje a Garu da kewaye da har yau ba su da kabarin da za su nuna su ce wannan namu ne. Shekara ba ta cika ba, ranar 9 ga Maris 2020, aka sake yin irinsa a Dawadawa, kan hanyar Kintampo zuwa Tamale, mutum kusan 30 suka tafi, nan ma da gobara. Ranar 3 ga Fabrairu 2021 kuma, kusa da Fufulso tsakanin Buipe da Tamale, motocin dare biyu na layin Garu da Zebilla suka haɗu, aƙalla mutum 17 suka rasu.

Doka ta hango wannan. Ƙa'idojin hanya na 2012, waɗanda ake kira L.I. 2180, sun hana direban haya tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba hutu, sun kuma hana shi wuce awa takwas ko kilomita 500 cikin awa 24. Daga Bawku zuwa Kumasi ya haura kilomita 600. Ke nan duk motar da ta tashi wannan tafiya da direba ɗaya ta karya doka tun daga bakin tasha. Goro da kofi da lemon ƙara kuzari ba sa biyan bashin barci, jinkirta shi kawai suke yi, ya zo ya karɓa da asuba a daidai lokacin da fasinjoji duk sun yi shiru. Tiramol kuwa, da wasu samari ke haɗiya wai don su jure, ƙara dusashe hankali yake yi. Wani direban kuma sai ya ce waya ce ke hana shi barci, yana hira da abokai ko yana kallon bidiyo a kan dashbod. Ya tara cuta biyu ke nan a kujera ɗaya. Ƙa'idojin nan dai sun haramta amfani da waya a lokacin tuƙi, da tara ko ɗauri ga wanda aka kama. Sun kayyade gudu a kilomita 30 kusa da makaranta, kasuwa, asibiti, masallaci da coci, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya.

Salaga ta san darajar jagoran tafiya tun kafin a ƙera mota. Fataken Kano da Katsina da suka riƙa zuwa nan sayen goro, wata da watanni a ƙasa da jakunansu, ba sa miƙa ayari ga kowa sai madugun da aka yarda da nutsuwarsa, wanda ya san inda za a yada zango da lokacin da za a tashi, wanda kuma in aka yi asara shi ake tambaya. Direban yau madugu ne, rayuka sittin a bayansa. Shugabannin tasha da 'yan ƙungiyar direbobi ta GPRTU, ku kuke zaɓar wanda zai hau wannan kujera. Kun san wanda ya iso da safe daga Kumasi kuma yake neman ya juya da yamma. Kun san wanda waya ba ta barin kunnensa. In kun ba shi lodi don kuɗin tasha, da ku aka yi.

Ga abin da ya sa haɗari a wajenmu ya fi na Akra muni. Wanda ya bugu a ka a Salaga, in abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 da shi zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale. Daga Yendi kusan kilomita 100 ne. Daga Bawku, in Asibitin Presby ya tura shi gaba, akwai kimanin kilomita 80 zuwa Bolga, da wasu 160 zuwa Tamale. Jinin da ke zuba cikin ƙoƙon kai ba ya jiran a nemo kuɗin mai. Shi ya sa hular kwano ba ado ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta daidai yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Daidai ɗin nan yana nufin a ɗaure igiyarta a haɓa. Wadda aka rataya a madubi sai an hango 'yan sandan hanya na MTTD, ko aka ɗora a ka ba ɗauri, tana tashi tun kafin kai ya taɓa ƙasa. Doka ta wajabta ta ga mai tuƙi da wanda aka goya, mace ko namiji.

Nakan ji a wajen zaman makoki ana cewa kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, kuma wannan magana tana sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa. Amma ba ta wanke wanda ya yi sakaci. Shari'a ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya ga iyalan mamaci da azumin wata biyu a jere, malamai da dama kuma sun ce kowane rai da kaffararsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a addini, kuma direba na ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Malamanmu, muna roƙonku ku faɗi wannan a huɗubar Juma'a da wajen ɗaurin aure, da Hausa da Dagbani da Gonja da Kusaal, yadda kowa zai ji. Shugabannin coci su faɗa ranar Lahadi. Sarakunan zango su tara samari su gaya musu ido da ido.

Samarin nan su ne suka fi tsaya mini a rai. Ranar Sallah, ranar Damba, ranar kai amarya, sai ka ga ayarin babura, uku-uku a kan ɗaya, na gaba yana tuƙi da hannu guda yana ɗaukar kansa bidiyo don TikTok, na baya ya miƙe tsaye yana ihu. Ɗana, bidiyon nan da kake ɗauka, akwai waɗanda irinsa ne abu na ƙarshe da aka samu a wayarsu, iyayensu suna da shi ba sa iya kallo. In ana son hoton biki, a tsaya a ɗauka, ko wanda ke ƙasa ya ɗauka. Iyaye kuma, makullin babur ba abin da za a miƙa wa ɗan shekara 13 ba ne don ya sayo ƙanƙara. Lasisi sai an kai 18, kuma da dalili aka sa haka.

Akwai mutum biyu da ba a cika ambata ba in an yi haɗari, alhali da hannunsu a ciki. Na farko mai kira. Hajiya, kin san maigida na kan hanyar Bimbila, kin kira bai ɗauka ba, kin sake kira, kin sake, har ya ɗauka don kada ranki ya ɓaci. Alhaji mai kaya, ka san yaronka na tuƙi, kana kiransa kowane rabin awa kana tambayar ina ya kai. In ka kira ka ji ƙugin inji ko iska na kaɗawa, ka ce, "Kana tuƙi ne? In ka tsaya ka kira ni," ka kashe. Kada kuma a yi fushi da wanda bai ɗauki waya ba don yana kan hanya.

Na biyu fasinja. Muna zaune muna kallon direba na rubuta saƙo, kowa ya sunkuyar da kai yana salati a zuci, ba mai son a ce ya cika surutu, mace na jin nauyin yi wa namiji magana, yaro na jin nauyin babba. Kunya halinmu ce mai kyau, amma ba wurinta ba ne nan. Ka ce, "Direba, don Allah ajiye wayar nan, rayukanmu na hannunka." In babba ne ka ce, "Baba, kawo in amsa maka." In wani ya riga ka magana, ka mara masa baya da murya, kada ka bar shi shi kaɗai har a mai da shi mai neman rigima. In direba ya ƙi ji, a shingen 'yan sanda na gaba a faɗa, a riƙe lambar motar a kai wa shugaban tasha. Su ma 'yan sandan muna kira gare su: duba takarda kaɗai bai isa ba, a dubi idon direban dare, a tambayi ina na biyunsa.

In kuma abin ya riga ya faru a gabanku, ku kira 112, lambar gaggawa ce ta ƙasa baki ɗaya kuma kyauta ce. A sa wani ya tsaya nesa kaɗan ta kowane ɓangare yana tsai da motoci, don kada wata ta zo ta hau kan masu taimako. A kashe injin motar, kada kowa ya matso da sigari. Wanda ke zubar da jini a danne wurin da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ja shi ta hannu, kada a naɗe shi a cusa cikin yalo-yalo. In dole sai an ɗauke shi, a shimfiɗe shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Wanda kansa ya bugu, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, musamman in ya yi amai ko barci na fizgarsa. Mai ɗori yana da aikinsa, amma ba ya ganin jinin da ke zuba a ciki, don haka asibiti tukuna. Masu zaro waya suna ɗaukar gawa da masu rauni suna turawa a WhatsApp, ku ji tsoron Allah ku daina, akwai iyayen da ta haka suka fara jin mutuwar 'ya'yansu.

Yau da yamma motocin dare za su yi lodi a Bawku da Garu da Yendi da Salaga. Kafin ka biya kuɗin mota, ka tambayi mai yankan tikiti direba nawa ne, ka ce a nuna maka na biyun. In an ce ɗaya ne kuma tafiyar ta Kumasi ce ko Akra, ka nemi wata motar.